Manhaja ta ce ɗalibata ta yi sata, ita kuma ta rantse ba ta yi ba

Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a wata jami'a a nan Arewa. Shekarata ta huɗu ke nan ina koyar da 'yan aji ɗaya kos ɗin Turanci na dole, GST 111, kuma bana ɗalibai 380 ne a hannuna. Na ba su jinga su rubuto shafi uku a kan matsalar shaye-shaye tsakanin matasa. Da na zauna dubawa sai na ga kamar mutum ɗaya ne ya rubuta fiye da rabin takardun: Turanci sumul, babu kuskure, kuma babu komai a ciki. Yaran da na san ba sa iya haɗa jimla biyu a aji su ne suka kawo mini rubutu kamar na jarida. Wani abokin aiki ya nuna mini wata manhaja a intanet da ke gano rubutun AI, wato rubutun da na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta yi. Na riƙa zuba mata takardun, duk wanda ta ce ya haura kashi 70 sai in ba shi sifili. Mutum 94 abin ya shafa. Yawancinsu ba su ce uffan ba, amma wata yarinya ta biyo ni ofis tana kuka, ta ce wallahi da hannunta ta rubuta, har ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Na ce mata manhaja ba ta ƙarya, ta fitar mini daga ofis. Tun ranar ban ƙara samun barcin kirki ba. Na ji cewa yayanta ne ke biya mata kuɗin makaranta da ƙyar. Idan na janye mata, sauran 93 za su cika mini ofis. Kuma gaskiya Anti, aikin nan ya fita daga raina. Ina raba dare ina duba abin da na'ura ta rubuta. Har na fara tunanin ni ma in riƙa ba ta tana duba mini, ko kuma in nemi wani aikin. Sauran mako biyu mu miƙa maki. Me zan yi?

Malama daga wata jami'a

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata.

Rashin barcin nan zuciyarki ce ke gaya miki kin yanke hukunci ba tare da shaida ba, kuma gaskiya ta faɗa miki. Da yarinyar zan fara, domin ita ce ke da wa'adin mako biyu a wuya. Maganar aji da ta barin aiki za su iya jira mu gama da ita.

Kin ce mata manhaja ba ta ƙarya. Tana yi, kuma masu ƙera ta sun sani. Kamfanin OpenAI, wanda ya saki ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum abin da ya nema, a ranar 30 ga Nuwamba 2022, shi da kansa ya fito da irin wannan manhaja ta gano rubutun na'ura a Janairun 2023. Da bakinsa ya bayyana cewa a gwajin da ya yi, kashi 26 cikin 100 kacal na rubutun na'ura take kamawa, sannan kashi 9 cikin 100 na rubutun da mutane suka yi da hannunsu tana cewa na'ura ce ta yi. Zuwa Yulin shekarar ya janye ta saboda rashin inganci. Idan maƙerin ya kasa gane hannun abin da ya ƙera, yaya za ki ɗora makomar 'yar mutane a kan wani shafin intanet da abokin aiki ya nuna miki?

Akwai wanda ya fi wannan shafar yaranmu. A 2023 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka ɗauki insha'i 91 da waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne suka rubuta don TOEFL, jarrabawar gwada iya Turanci, suka gwada su a manhajoji bakwai irin taki. A matsakaici, kusan kashi 61 cikin 100 na rubutun aka ce na na'ura ne, alhali duk mutane suka rubuta. Da aka zuba rubutun yaran Amurka 'yan makaranta, kusan duka aka gane na mutane ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Irin waɗannan manhajoji suna auna yadda ake iya cankar kalmar da za ta biyo bayan wata. Rubutun da kalmominsa sanannu ne, jimlolinsa a tsare, babu zille-zille, shi suke zargi. To wane irin Turanci muka koya wa yaranmu tun sakandare? Wanda zai ci WAEC da NECO: gabatarwa, dalili na farko, na biyu, na uku, kammalawa, kada ka yi amfani da kalmar da ba ka tabbatar da ita ba. Yarinyar da ta fi kowa bin wannan ƙa'ida, mai taka-tsantsan, mai duba ƙamus, ita ce ta fi kowa kama da na'ura a idon manhaja. Sangartaccen da ya sa na'ura ta rubuta masa, ya canza 'yan kalmomi ya cusa kuskure biyu da gangan, shi kuma ya wuce salin alin. Ina tabbatar miki cikin mutum 286 da ba ki taɓa ba akwai irinsa.

Kamfanonin suna cewa sun gyara kayansu tun daga lokacin. Amma Turnitin, kamfanin manhajar binciken kwafe wanda ya fi kowa suna a jami'o'i, har yanzu yana gargaɗin kada a ɗauki sakamakonsa shi kaɗai a hukunta ɗalibi. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta kashe ɓangaren gano rubutun na'ura na Turnitin a Agustan 2023, kuma lissafin da ta yi ya burge ni: ta ce takardu 75,000 ta tura a 2022, ko da kuskuren kashi 1 cikin 100 ne kawai, takardu 750 ke nan da za a iya zargin masu su a kan abin da ba su yi ba.

Mu kuma muna da ƙa'idarmu da ta riga duk wannan. Tun muna yara muka karanta a Arba'una cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Ke ce mai da'awa. Hujjarki lamba ce da wani shafi ya nuna. Ita ta musa, ta kuma rantse. Ban ce lallai gaskiya ta faɗa ba, ɗalibai suna rantsuwa a kan ƙarya, mun gani ba sau ɗaya ba. Abin da nake cewa shi ne har yau ba ki bincika ba.

Ki aika a kira ta cikin makon nan. Kada ki bari ta dafa Alƙur'ani, ba wurinsa ba ne, kuma ba kya buƙata. Ki ba ta kujera, ki ajiye takardarta a tsakaninku, ki ce mata kin yi gaggawa ranar nan, yanzu kina so ki ji daga bakinta. Sai ki tambaye ta abubuwan da marubuci kaɗai ke iya amsawa. Wannan kalmar a sakin layi na biyu, me take nufi, me ya sa ba ki sa waccan ba? Wannan misalin a ina kika samo shi? Me kika fara rubutawa kika goge? Wane wuri ne ya fi ba ki wahala? Ki bar ta ta amsa da Hausa idan Turancin ya sarƙe mata, domin abin da kike nema shi ne ko tunanin nata ne. In tana da takardar da ta fara zubawa a kai, ta kawo. Daga nan ki ba ta biro da fallen takarda ta ƙara sakin layi ɗaya a gabanki, minti goma. Wanda ya haƙa rijiya ya san zurfinta. Wanda aka haƙa wa, tambaya ta uku ba ta zuwa sai ya fara kallon silin.

Idan ta tabbata ita ta rubuta, ki mayar mata da makinta cif, kuma ki ba ta haƙuri da bakinki. Na nace a kan wannan saboda abin da ya faru da ni. Shekaru da dama da suka wuce, tun ba a san wayar hannu ba, wani yaro ɗan ƙauye mai shiru-shiru ya kawo mini insha'in da ya fi na kowa a ajin. Na ɗauki jan biro na rubuta masa a ƙasa, daga ina ka kwafo wannan? Washegari ya zo da wata tsohuwar jaka cike da littattafan rubutu. Ashe kullum da dare yana sauraron rediyo, yana rubuta abin da ya ji da abin da ya ga dama. Na gyara masa maki, amma girman kai na malanta ya hana ni cewa yi haƙuri. Har ya gama bai sake rubuta mini abu mai daɗi ba. Ya koma rubutu lami, irin wanda ba za a zarga ba. Ni na koya masa haka, kuma har yau abin yana ci mini rai. Kada ki bar yarinyar nan ta fita daga ofishinki da darasin cewa iya rubutu laifi ne.

Idan kuma ta kasa kare takardar, to yanzu kina da hujjar da za ki iya tsayawa a kanta a gaban kowa. Ki gaya mata gaskiya ba tare da tozartawa ba, ki ba ta damar da za ki ba sauran.

Sauran 93 kuwa, tsoron da kike yi na su cika miki ofis bai isa dalilin barin zalunci a kan ko da mutum ɗaya ba. Ki fara zuwa wurin shugaban sashe, ki sanar da shi a rubuce cewa kin yi amfani da manhajar da ba ki gamsu da ita ba, kuma ga yadda za ki gyara. Wannan kariya ce a gare ki. Sai ki sanar ta hannun wakilin aji: duk wanda ya tsaya a kan cewa shi ya rubuta, ya zo ya kare takardarsa ta baki, minti biyar. Wanda ya san bai rubuta ba, ba sai ya zo ya yi ƙarya ba, ga rana kaza da za a zauna a aji a rubuta sabon insha'i a kan rabin maki. Ko duka 94 suka zo, awa takwas ne aikin, kuma ba za su zo duka ba. Akwai tambayar da nake so ki yi wa kanki kafin nan: ranar da kika ba da jingar, kin gaya musu ƙarara cewa ba ki yarda a yi amfani da na'ura ba? Idan ba ki faɗa ba, rabin laifin na rashin shata iyaka ne. Yaro ɗan shekara 17 da ya buɗe WhatsApp ya tarar da Meta AI, wata manhaja irin ChatGPT, a zaune tana jiransa, kamar yadda take a wayoyin 'yan Najeriya tun Afrilun 2024, ba lallai ya ɗauki tambayarta a matsayin sata ba sai an gaya masa.

Yanzu mu zo ga abin da ya kashe miki gwiwa.

Jingar da ake kai gida a rubuto ta daɗe da rubewa, ƙanwata. Kafin ChatGPT akwai shagunan buga takardu na bakin makaranta da ke sayar da tsofaffin kundaye a canza suna, akwai kwafa daga intanet, akwai yaya ko saurayi da ke rubutawa. Bambancin shi ne da sai mai kuɗi ko mai hanya, yanzu kuwa kyauta ne cikin daƙiƙa talatin. Mun daɗe muna karɓar takarda a matsayin shaidar cewa yaro ya yi tunani, ba tare da mun ga lokacin da ya yi ba. Shaidar ce ta faɗi. Buƙatar yaro ya iya tsara abin da ke kansa har wani ya fahimta tana nan daram, kuma ita aka ɗauke ki koyarwa.

Ki tuna makarantar allo. Malam bai taɓa yarda da allo don kawai rubutun da ke kai ya yi kyau ba. Kowa ya san babban almajiri yana iya rubuta wa ƙarami. Ba a wanke allo sai yaro ya durƙusa ya biya karatun a gaban malam. Can sama kuma, gardin da ya ce ya haddace sai ya yi satu, ya rubuta da ka, ya kai a duba masa harafi da wasali. Malaman nan suna da yara fiye da kima su ma, babu ofis babu albashi, amma ba su taɓa rabuwa da wannan ba: sai na ji daga bakinka, sai na ga hannunka. Mu a boko muka saki wannan saboda yawan ɗalibai, muka koma hulɗa da takardu. Abin da zan ba ki shawara shi ne ki dawo da shi gwargwadon iko.

Na san me za ki ce: mutum 380, a ɗakin da lasifika ba ta aiki. Ga yadda zan yi da ni ce. Ranar farko ta zango mai zuwa kowa ya zo da littafin rubutu na musamman don kos ɗin, irin na 'yan sakandare, ya rubuta suna da lamba. A ranar, kafin ki koyar da komai, kowa ya rubuta shafi ɗaya a gabanki, waya a jaka. Wannan shafin shi ne hannun yaro da za ki riƙa komawa gare shi duk lokacin da kika yi shakka. Daga nan kowace lakca ki ware minti goma sha biyar na ƙarshe a yi rubutu a littafin nan, da kwanan wata a sama. Ba wai ki duba duka ba, babu mai iyawa, kuma wanda ya gwada zai kwanta asibiti. Kowane mako ki jefa ƙuri'a ki karɓi littattafai talatin, ki karanta, ki kira goma daga ciki su zo su yi miki bayani. Tunda babu wanda ya san ranar da ƙuri'a za ta faɗo kansa, kowa zai rubuta. Ki gwada lissafi: duba insha'i 380 a minti goma-goma ya haura awa 63, kuma yanzu kin ga abin da kike samu a ciki. Wannan tsarin ba zai fi haka cin lokaci ba, kuma awannin za su tafi ne a kan yara masu fuska da suna.

Waɗanda ƙuri'a ba ta faɗo kansu ba kuwa, sai su yi musanyar littattafai a tsakaninsu, kowa ya karanta na maƙwabcinsa ya amsa tambaya biyu a ƙasa: me marubucin yake son faɗa, kuma a wane layi ka ɓace? Yara suna jin kunyar junansu fiye da yadda suke jin tamu. Babban insha'in zangon kuma ya girma a cikin littafin nan a hankali, mako ɗaya batu, wani makon bayanan da aka tattaro, sannan zubin farko da gogensa da kibiyoyinsa, kafin na ƙarshe. Mafi yawan makin jinga ki ɗora shi a kan wannan tafiyar. Wanda ya zo da gamammen insha'i tas babu sawun yadda aka zo gare shi, ya san ba zai samu abin kirki ba, ba tare da kin zarge shi da komai ba.

Sai maganar batu, kuma a nan ki yi haƙuri zan ɗan taɓa ki. Matsalar shaye-shaye tsakanin matasa batu ne da aka rubuta dubban sau. Na'urar nan aikinta shi ne ta hango kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, bisa ɗimbin rubutun da aka ciyar da ita. Duk batun da duniya ta gaji da taunawa, shi ta fi iyawa. Kin miƙa mata abincinta ne. Amma da kin ce kowa ya je ya zauna da mai kemis ɗin unguwarsu ya tambaye shi me ya canza a shagonsa tun da gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin a Mayun 2018, ya rubuto abin da mutumin ya faɗa da abin da ya ƙi faɗa, da kin samu takardu 380 da ba su yi kama da juna ba. Ko mai shayin ƙofar makaranta, nawa yake sayen gwangwanin madara bara, nawa bana, kuma me ya rage a kofi don kada ya kori masu saye. Ko yarinya ta zauna da kakarta ta ji yadda aka yi lefenta, ta gwada da na yayarta. Na'ura za ta iya ƙirƙiro mai shayi na ƙarya, amma ba za ta tsaya a ofishinki ta gaya miki wace riga ya sa ba. Kuma abin da na gani cikin shekarun da na yi a aji shi ne yaron da ke da abin faɗa na gaske ba ya son a faɗa masa shi. Yawancin masu gudu wurin na'ura ba su da abin cewa ne a kan batun da aka ba su.

Akwai dalili na biyu da ke kora su, kuma namu ne. Jan biro. Yaro ya fito daga makarantar gwamnati inda da Hausa aka koya masa Turancin, ya zo ya zuba tunaninsa a takarda, mu mayar masa da ita jajawur, ko kalma ɗaya ba mu ce a kan abin da ya faɗa ba, sai nahawu. Ya gane cewa abin da muke biya da maki shi ne santsin Turanci. Ga kuma abu a aljihunsa da ke ba da santsi kyauta. Me kike zato zai yi? Ki sauya ma'aunin, ki kuma gaya musu kin sauya. Kaso mafi tsoka ya tafi ga abin da aka faɗa da hujjar da aka kawo da yadda aka jera shi. Nahawu ya samu nasa kason, ki zaɓi kuskure iri biyu ko uku da ke maimaituwa ki nuna, ki bar sauran zuwa wani karon. Ranar da kika karanta wa aji wani sakin layi mai karyayyen Turanci amma mai rai, kika ce wannan ya fi mini shafi uku na sumul, za ki ga yadda fuskoki za su canza.

Ban ce ki yi kamar na'urar ba ta nan ba. Yaran nan za su fita su tarar da ita a ofis da banki da asibiti. Ki shigo da ita aji da kanki sau ɗaya ko biyu. Ki sa ta rubuta insha'i a kan garin da jami'arku take, ki buga, ki raba, ki ce su farauto inda ta yi ƙarya, inda ta yi ta zagaye ba ta ce komai ba, da jimlar da za a iya ɗauka a manna wa kowane gari a duniya. Ki nemi ta ba ki manazarta, su je laburare ko intanet su nemo su. Sau da yawa za su tarar wasu babu su, sunan marubuci na gaske da littafin da bai taɓa rubutawa ba. Ki ba su labarin lauyoyin nan biyu na New York da wani alƙalin kotun tarayya ya ci tarar dala 5,000 a Yunin 2023, saboda sun miƙa wa kotu shari'o'i shida da ChatGPT ta ƙirƙiro, babu ko ɗaya da ta taɓa faruwa. Ɗalibin da zai karanta lauya ko likitanci ya kamata ya ji wannan tun yana aji ɗaya.

Sannan ki rubuta dokarki a takarda ɗaya ki raba ranar farko, cikin sauƙin harshe: ga inda aka hana ta sam, ga inda aka yarda, misali neman ma'anar kalma ko tambayar dalilin da jimla ta karye bayan ka rubuta da kanka, kuma duk wanda ya yi amfani da ita ya rubuta a ƙasa me ya tambaye ta. Wanda ya faɗi gaskiya kada ki hukunta shi a kan faɗar. Ki kula kuma kada ki wajabta aikin da sai da babbar waya da data, domin a cikin 380 ɗin nan akwai wanda wayarsa ta tocila ce, akwai wadda aron ta ƙawa take yi. Littafin rubutu da biro sun daidaita kowa.

Batun ki ba na'ura ta duba miki kuwa, na fahimci gajiyar da ta kawo tunanin, amma kada ki yi. Takardun nan amana ne, da sunayen yara da lambobinsu, wani lokaci da sirrin gidajensu, ba ki da izinin ɗora su a shafin wani kamfani. Kuma ranar da suka gane, za su gane kuwa, ba za ki sake iya buɗe baki ki ce musu su rubuta da kansu ba. Idan kina so ta taimaka miki wajen shirya misalan darasi ko tambayoyin atisaye, ki duba abin da ta ba ki da kyau, ki yi amfani da shi, ki kuma gaya wa ajin kin yi. Irin gaskiyar da kike nema a wurinsu su fara ganinta a wurinki.

Barin aiki ba zan ce miki haramun ba ne. Albashin bai kai wahalar ba, kuma kin shigo ne a shekarun da suka fi kowanne rikici, ga yajin aikin wata takwas na 2022 da ya cakuɗa zanguna, ga wannan na'ura a bayansa. Amma kada ki yanke shawarar a makon duba takardu, da idon da bai yi barci ba. Ki gwada zango ɗaya da littafin rubutun nan. Ki nemi ko mutum biyu cikin masu koyar da kos ɗin ku yi tare, don kada yara su ce ke kaɗai ce mai tsanani, kuma ku kai maganar taron sashe a samu matsaya ɗaya a rubuce. In zangon ya ƙare har yanzu ranki ba ya ciki, ki sake rubuto mini mu duba wata hanyar.

Gobe da safe ki fara biyawa ta ofishin shugaban sashe, sannan ki sa wakilin aji ya nemo miki yarinyar. Kada ki aika da saƙon da zai tsorata ta, ki ce kawai Malama tana son ku sake duba takardar tare, ta zo da duk abin da ta yi zubin farko a kai. Allah Ya ba ki ikon yin adalci, Ya sanyaya miki zuciya.